Babi na Shida: Hoto Hamsin a Cikin Sakan Guda

A Babbar Kasuwar Katsina, kamar kowace babbar kasuwa a Arewa, akwai sana'ar da ba ta cin wuri: kwamfuta ɗaya, tarin wayoyin caji, benci, da matashi mai zafin nama. Su ne masu turi. Ka kawo waya ko memori, a zuba maka karatu ko wa'azi ko fim, ka biya ka kama gabanka. Dambe da kokawa suna cikin hajar da ba ta kwantai. Wani lokaci kuma ba turi ake nema ba. Mutum ne zai zo da tsohon kaset ko faifai a leda, na wasan da aka yi shekara ashirin da suka wuce, ya ce a juye masa a waya.

Sau da yawa gardama ce take fito da irin wannan kaset daga ƙasan akwati. A dambe, kisa shi ne hannu ko gwiwa ko jikin ɗan wasa ya kai ƙasa, kuma tsakanin kisa da tuntuɓe wani lokaci bai wuce ƙiftawar ido ba. Magoya bayan wannan su rantse gwiwa ta taɓa, na wancan su ce sharri ne. Sai a ce gani ya kori ji, a ɗauko bidiyo.

"Ɗan samari, tsayar mini daidai nan. Ka ga ta taɓa ko?"

"Alhaji, ai ba ta fito ba. Ka san tsohuwar kyamara ce."

Abin da yake bayyana in an tsayar da hoton ɗayan biyu ne. Ko dai a ga gefen hannu da ƙafa sun yi tsaga-tsaga kamar haƙoran mataji, ko kuma a ga ɗan dambe da hannun dama biyu, kowanne dishi-dishi. Nan take sai a ɗora wa kyamara laifi. Alhali ita ta sauke nauyinta, har ta yi fiye da yadda ake zato. Kyamarar kaset irin wadda aka yi ta ɗaukar bukukuwa da wasanni da ita a ƙasar nan ba hoto 25 take kamawa a sakan guda ba, 50 take kamawa. Rabin nan da ba a san da shi ba a wurin juyi yake salwanta. Wannan babi zai nuna inda yake ɓoye, da yadda ake fito da shi, da kuma iyakar abin da zai iya tabbatarwa.

Dalilin da ya sa aka raba hoto biyu

Injiniyoyin da suka ƙera talabijin a shekarun 1930 sun gamu da matsala guda. In aka haska hoto 25 a sakan, motsi yana tafiya daidai, amma fuskar akwatin sai ta riƙa farfari har ido ya gaji. A silima sun magance wannan ta hanyar haska kowane hoto sau biyu ko sau uku. Talabijin ta wancan zamani ba ta da inda za ta ajiye hoto balle ta maimaita shi. Abin da ya zo ta iska shi take zanawa nan take, layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa. Aiko da cikakken hoto 50 kuwa yana buƙatar ninkin faɗin zangon da tasha take da shi.

Sai aka yi dabara. A zagayen farko a zana layi na 1, na 3, na 5, har ƙasa. A zagaye na biyu a dawo a cike na 2, na 4, na 6. Ido yana ganin haske sau 50 a sakan, farfari ya ɗauke, kuma ba a ƙara wa tasha kaya ba. Fritz Schröter na kamfanin Telefunken a Jamus ya yi rajistar wannan fasaha a 1930, Randall Ballard na RCA a Amurka ya yi tasa a 1932, sannan BBC ta fara watsa shirye-shirye da ita a Landan a watan Nuwamba na 1936, da tsari mai layi 405. Wannan shi ne saƙaƙƙen hoto: rabi biyu da aka saƙa layukansu cikin juna.

Ko da talabijin ta iso Najeriya, a Ibadan a 1959, a Kaduna a 1962, da wannan gado ta zo. Tsarin PAL da muka ɗauka yana da layi 625, waɗanda 576 daga ciki ne suke ɗauke da hoton da ake gani, wato kowane rabi yana da 288. Adadin 50 ɗin ma ba da ka aka zaɓe shi ba, ya bi bugun wutar lantarki ne, wadda take juyawa sau 50 a sakan a nan da Turai. A Amurka, inda take juyawa sau 60, tsarinsu na NTSC yana ba da rabi kusan 60 a sakan, da layi 480 da ake gani. Nijar ta bi Faransa ta ɗauki SECAM, wanda ya bambanta da namu wajen launi kawai. Don haka kaset ɗin kokawar da ya shigo daga Maraɗi ta Jibiya, ko da ya fito fari da baƙi a bidiyon PAL, lissafin layinsa da na lokacinsa irin namu ne.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, rabin nan biyu ba lokaci ɗaya aka ɗauke su ba. Kyamara ta ɗauki na farko, bayan kashi ɗaya cikin 50 na sakan ta ɗauki na biyu. Duk abin da yake tsaye, bango ko 'yan kallo, wuri ɗaya yake a duka biyun. Abin da yake gudu kuwa ya riga ya gusa. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya tana nuna su bi da bi, shi ya sa ba a taɓa ganin tsaga-tsagar a cikinta ba. Kwamfuta da waya su kuwa gaba ɗaya suke shimfiɗa hoto, sai lokaci biyu su haɗu a fuska ɗaya. Tsaga-tsagar nan ba lalacewa ba ce. Shaida ce cewa rabi biyun suna nan da ransu.

Me kashi ɗaya cikin 50 na sakan zai tsinana?

Wani bincike da aka buga a 2005 kan 'yan damben Olamfik ya auna gudun hannunsu a lokacin naushi, ya samu kimanin mita 9 a sakan. Ɗan damben gargajiya da salonsa dabam yake jefa hannu, amma mu ari wannan adadi don lissafi. A bidiyo mai hoto 25, hannun yana yin tafiyar santimita 36 tsakanin hoto da hoto, fiye da tsawon takardar fulsikaf. A hoto ɗaya yana can baya, a na gaba ya riga ya sauka. Inda ya bi, ko ya goga kafaɗa kafin ya kai muƙamuƙi, babu wanda zai iya faɗa. In aka fito da 50 ɗin, tazarar ta koma santimita 18. Naushin da ya ɗauki kashi ɗaya cikin biyar na sakan, maimakon a gan shi a hoto 5, sai a gan shi a 10.

Katsina kuma garin doki ne. Tun shekarun 1920 Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wasan folo a nan, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a fagen har wajen ƙasa, kuma gasar Katsina tana cikin waɗanda mahaya suke ji da su har yau. Babbar dokar folo ita ce layin ƙwallo: wanda yake bin ta a kan hanyar da ta ɗauka shi yake da hanya, wanda ya gitta masa ta yadda zai jawo haɗari ya yi laifi. Dokin da yake sukuwar kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a sakan, wato santimita 56 tsakanin hoto da hoto a lissafin 25, ko 28 a lissafin 50. Mai son ya duba wa ya riga wani shiga layi, ko mai horarwa da yake son ganin yadda mahayi ya karya wuyan hannu kafin sanda ta sami ƙwallo, ya san abin da wannan bambanci yake nufi.

Da gardamar doki ma wannan ilimi ya fara. A 1878, a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, Eadweard Muybridge ya jera kyamara 12 a gefen filin sukuwar attajiri Leland Stanford. Hotunan suka nuna cewa akwai lokacin da kofato huɗu duk suke barin ƙasa, kuma a lokacin ƙafafun a naɗe suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe gaba da baya kamar yadda masu zane suka saba yi ba. Mutane sun yi dubban shekaru suna kallon doki, ido bai taɓa kama wannan ba.

Inda rabin yake salwanta

Kaset ɗin VHS yana riƙe da rabi biyun. Haka MiniDV, ƙaramin kaset ɗin da ya fito a 1995, wanda kyamarorin kafaɗa irin su Panasonic MD10000 suka yi ta aiki da shi a hannun masu ɗaukar biki. Haka DVD, in an yi shi yadda ya kamata. Haka kuma kyamarorin memori masu tsarin AVCHD da suka fara fitowa a 2006, waɗanda ake gani an rubuta musu 50i.

Asarar farko ta zo da VCD. Faifan nan da ya mamaye kasuwannin Arewa a zamanin bunƙasar finafinan Hausa layi 288 kawai yake ɗauka, hoto 25 a sakan. Duk wasan da aka juye daga kaset zuwa VCD, ya rasa rabin layinsa da rabin lokacinsa, kuma babu mai dawo da su. Asara ta biyu ta zo da ƙananan wayoyi, lokacin da ake matse bidiyo zuwa 3GP don ya shiga memori mai ƙaramin ciki. Ta uku ita ce wadda ake yi yau: a jefa fayil cikin manhajar juyi, a danna MP4, a bar ta ta yi yadda ta ga dama.

Irin waɗannan manhajoji hanya uku suke bi. Wata ta zubar da rabi ɗaya ta buɗa ɗayan, hoto ya fito tsaf amma lokaci ya ragu zuwa 25. Wata ta cakuɗa biyun wuri ɗaya, a sami ɗan dambe mai hannun dama biyu. Wata kuma ta rage girman hoton ba tare da ta warware saƙar ba, layukan rabi biyun su narke cikin juna, gefen duk abin da yake motsi ya koma lanƙwasa-lanƙwasa. Wannan na ƙarshe shi ya fi muni, domin babu manhajar da take iya tsince su bayan sun haɗe. Daga nan kuma a tura ta WhatsApp, shi ma ya sake matsewa. Mai turi bai yi ha'inci ba. Abin da aka ce ya yi, wato bidiyo ya buɗe a waya kuma kada ya ci wuri, shi ya yi. Kallon nishaɗi dabam, nazari dabam.

Aikin daki-daki

Mataki na farko shi ne a kwaso abin da yake cikin kaset ba tare da an taɓa shi ba. MiniDV da ma lambobi ne a cikinsa, don haka in aka haɗa kyamara da kwamfuta ta wayar FireWire, wadda Sony take kira i.LINK, kwafi ake samu sak, kimanin gigabait 13 a kowace awa. Kada girman ya tsorata ka. Shi ne uwar aiki, daga gare shi komai zai fito. In VHS ne, sai an sami na'urar kwasa wadda take ba da 720 sau 576 da rabi biyun cikakku; da yawa daga cikin masu arahar nan suna warware saƙar da kansu tun a hanya, su miƙo maka 25. In DVD ne, a kwafi fayilolin VOB yadda suke. In kyamarar memori ce, a kwashe jakar gaba ɗaya da fayilolinta na MTS.

Mataki na biyu, a san abin da ake riƙe da shi. Manhajar MediaInfo, wadda kyauta ce, tana faɗin ko hoton saƙaƙƙe ne, da kuma rabin da yake fara zuwa. A MiniDV rabin ƙasa, wato mai layi na 2, na 4, na 6, shi ne yake gaba, za ka ga an rubuta BFF. A HDV da AVCHD na sama ne, TFF. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. In aka juya jerin, sai hoto na 2 ya riga na 1, na 4 ya riga na 3, hannu ya riƙa gaba yana dawowa baya. Gwajin mai sauƙi ne: bayan an raba, a bi hoton ɗaya bayan ɗaya a wurin da wani yake tafiya. In yana ci gaba ba ja da baya, jeri ya yi daidai. In kuma aka ga kowane hoto biyu iri ɗaya ne sak, to kyamarar da ma 25 ta ɗauka ta zuba a mazubin 50, babu abin da za a ƙara samu. A kuma lura da kyamarorin gwanjo da suka fito daga Amurka: nasu kusan 60 ne, in aka tilasta musu zama 25 ko 50 sai manhaja ta riƙa zubar da wasu hotuna, lissafin lokaci ya rikice.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin: a mai da kowane rabi cikakken hoto mai zaman kansa. Tunda layi 288 gare shi, sai an cike gurbin sauran. Hanya mafi sauƙi, wadda manhajoji suke kira Bob, ita ce a ƙiyasta kowane layin da babu daga na samansa da na ƙasansa. Tana da sauri, ba ta kuma aro komai daga wani lokaci, sai dai hoton yakan ɗan yi rawa sama da ƙasa, domin rabi biyun sun saɓa da layi guda. Yadif da Bwdif sun fi ta wayo: inda babu motsi sai su ɗauko layin daga maƙwabcin rabi, inda akwai motsi su ƙiyasta. QTGMC, wadda ake amfani da ita ta cikin AviSynth, ita ta fi fito da hoto mai kyan gani, amma tana cin lokaci, kuma tana duba hotunan gaba da na baya tana sulɓe su. Don nunawa a majigi ita ce gaba. Don awo da yanke hukunci, gara wadda ba ta cika gyare-gyare ba.

Mai son ya duba kawai, ya buɗe fayil ɗin a VLC, ya zaɓi Yadif 2x a wurin warware saƙa, ya rage gudu. Mai son ya fitar da sabon fayil, a HandBrake ya zaɓi Bob ya kuma kafe adadin hoto a 50. In ya manta da na biyun, manhajar za ta iya mai da shi 25 bayan ta gama wahalar. A FFmpeg kuwa yadif=1 ko bwdif=1 ake rubutawa, lambar 1 ɗin ita take cewa kowane rabi ya zama hoto. Ƙa'ida ɗaya ce ba a karya ta: a warware saƙa tukuna, sannan a rage girma ko a ƙara, sannan a matse. Wanda kuma zai ɗora a YouTube ya ɗaga hoton zuwa layi 720 ko fiye bayan ya warware, domin daga nan ne shafin yake nuna 50 a sakan.

Rage gudu da awo

Da zarar an sami 50, tafiyar hawainiya ta zo da sauƙi. A nuna su 25 a sakan, gudu ya ragu da rabi, motsi sumul, kuma kowane hoto kyamara ce ta ɗauke shi. A nuna su 10 a sakan, an rage gudu sau biyar. Zai ɗan riƙa tsalle, amma babu ƙarya a ciki. Mai nazari ma ya fi son ya bi su da hannu, ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa. Kowane taku kashi 2 ne cikin 100 na sakan. Daga inda hannu ya bar baya zuwa inda ya sauka in taku 9 ne, naushin ya ɗauki kashi 18 cikin 100 na sakan. Kuskuren ƙirga ba ya wuce taku ɗaya, wato rabin kuskuren da za a yi da 25.

Kinovea manhaja ce ta kyauta da aka yi musamman don masu horar da 'yan wasa. Tana jera bidiyo biyu gefe da gefe, tana ja layi, tana auna kusurwar gwiwa ko gwiwar hannu, tana bin ƙwallo. Sai dai kafin a yarda da awonta, akwai sharuɗɗa. Ɗigon hoton PAL ba murabba'i ba ne, don haka 720 sau 576 sai an buɗa shi zuwa 768 sau 576, ko 1024 sau 576 in mai faɗi ne; in ba haka ba mutum ya fito a tsuke, kusurwa ta yi ƙarya. Sannan dole a sami abin da aka san tsawonsa a cikin hoton, a daidai nisan da ɗan wasa yake. A filin ƙwallo irin na Muhammadu Dikko raga tana nan, faɗinta mita 7.32, tsayinta 2.44. A folo tsakanin turakun gola yadi 8 ne. A fagen dambe ko kokawa, mai ɗauka ya sa a riƙe sanda mai mita ɗaya a tsakiyar fili kafin a fara, ya ɗauke ta na ɗan lokaci, kada kuma ya sake taɓa zum bayan nan.

Abin da kwamfuta ba za ta gyara ba

Tun ran gini tun ran zane. Kyamara in an bar ta a kan ra'ayinta, takan buɗe ido na tsawon kashi ɗaya cikin 50 na sakan a kowane rabi. A wannan ɗan lokaci hannun nan mai gudun mita 9 ya shafe santimita 18, don haka ba dunƙule za a gani ba, shafe za a gani. Warware saƙa ba ya goge wannan. Maganinsa a wurin ɗauka yake: a ɗaga saurin shata zuwa ɗaya cikin 500 ko ɗaya cikin 1000, ko a sa kyamara a tsarin wasanni mai alamar ɗan gudu. A ɗaya cikin 1000 shafen bai kai santimita ɗaya ba.

Amma saurin shata haske yake ci. Folo da rana ake yi, ba matsala. Dambe kuwa yakan fara bayan la'asar ya doshi magariba, wani ma sai dare a ƙarƙashin fitilu. Fitilu da yawa suna farfari sau 100 a sakan, ido ba ya gani, amma shata mai sauri tana kamawa, sai wani hoto ya yi haske wani ya yi duhu. In wutar janareta ce, wadda bugunta yake hawa da sauka, abin ya fi tsananta. A irin wannan hali ɗaya cikin 100 shi ne sasanci.

Sai nisa. Filin folo ya kai mita 270 a tsawo, ƙwallon kuwa faɗinta bai wuce santimita 9 ba. In mai ɗauka ya buɗe hoto ya ci mita 50 na fili, kowane ɗigo ya tashi kusan santimita 7, ƙwallo ta zama ɗigo guda. Sai kuma kusurwa. Kyamara ɗaya gefe ɗaya take gani. In gwiwar da ake gardama a kanta tana bayan ƙafar abokin karawa, ko ƙura ta rufe ta, ko makaɗi ya gitta, hoto 50 da hoto 500 duk ɗaya ne. Mai nazari na gari yakan ce "bidiyon bai nuna ba" in bai nuna ba, ko da masu gardama ba su ji daɗi ba.

Wayar hannu da hoton ƙage

Don sabuwar ɗauka, zamanin saƙa ya wuce. iPhone 5s ta zo da hoto 120 a sakan a 2013, iPhone 6 ta kai 240 a 2014, yau kuma wayoyi masu matsakaicin kuɗi da yawa suna yin 60 ko 120, kowane hoto cikakke. Mai horarwa da yake da irin wannan waya da abin kafa ta ya fi mai tsohuwar kyamarar kafaɗa kayan aiki. Abin kiyayewa shi ne a kwashe fayil ɗin ta wayar USB ko a tura shi a matsayin takarda, a kuma duba shi a MediaInfo, domin waya takan sauya adadin hoto a tsakiyar ɗauka in haske ya ragu.

Akwai kuma manhajojin da suke alkawarin mai da kowane bidiyo mai tafiyar hawainiya, wasu da ƙirƙirarriyar basira. Abin da suke yi shi ne su dubi hoto biyu su zana na tsakiya da ka. Yana da daɗin kallo, kuma don talla ko nishaɗi babu laifi. Amma hoton da suka zana kyamara ba ta taɓa ganinsa ba. In a hoto na farko gwiwa tana sama, a na biyu ma tana sama, manhajar ba ta da hanyar sanin ko ta taɓa ƙasa a tsakani. Za ta zana abin da ya fi mata sauƙi ne. Warware saƙa yana ƙiyasta layin da babu a cikin lokacin da aka ɗauka da gaske. Wannan kuwa lokacin kansa yake ƙagowa. Na farko shaida ne mai rauni a gani, na biyu ba shaida ba ne sam.

Kaset ba ya jira

Yawancin abin da aka sani game da damben su Shago da Ɗandunawa daga bakin makaɗa irin su Ɗan Anace da labarin waɗanda suka gani da ido aka same shi. 'Yan wasan da suka zo daga shekarun 1980 zuwa na 2000 sun fi su sa'a, domin an ɗauke su. Damben gidajen wasa na Kano da Katsina da Sakkwato, gasar takobin kokawa ta Nijar da aka fara a Tawa a 1975, folo, sukuwar Sallah, wasannin ƙwallon unguwa, duk suna kwance a kaset a ɗakunan masu ɗaukar bidiyo da tashoshin talabijin. Yadda wancan zamani yake tsayuwa, yake kare kai, yake jefa hannu, yana nan hoto 50 a kowane sakan ga mai son ya koya.

Sai dai kaset yana tsufa. Zafin bazara yana cinsa, ƙurar hunturu tana shiga, laimar damina tana sa masa fumfuna. Na'urorin kunna shi ma suna ƙarewa: kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da yake ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016, kuma sabbin kwamfutoci ba sa zuwa da kafar FireWire. Ga kuma tsautsayi, wanda ba ya sallama. Gobarar da ta tashi a Babbar Kasuwa a watan Maris na 2021 ta cinye shaguna masu yawa cikin 'yan awoyi. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, duk wurare ne da za su iya ɗaukar nauyin tattara irin wannan kaya da koya wa matasa juyar da shi yadda ya dace. Matashin da yake turi a kasuwa ma, in ya ƙware a wannan, ya sami sana'ar da ba kowa ya iya ba.

Kafin nan, duk mai kaset a gida ya yi abu uku. Ya sa a kwaso masa shi cikakke, ba matsi ba ragi. Ya ajiye wannan kwafi a wuri biyu dabam-dabam, da sunan wasa da gari da shekara a jikinsa. Sannan kada ya yar da kaset ɗin don ya ga an zuba masa wasan a waya, domin abin da yake cikin wayar, in an yi sa'a, rabi ne.